Ra'ayi: Dalilin Da Ya Sa Na Daina Zuba Dukkan Aikin Bidiyona A Rumbun Intanet

Akwai tambayar da matasa masu harkar tace bidiyo suke yawan yi a 'yan kwanakin nan: ina da laftof a gida, akwai kwamfuta a shago, abokin aikina ma yana da tasa, ta yaya za mu riƙa buɗe aiki ɗaya a ko'ina ba tare da yawo da filasha ba? Amsar da ake bayarwa da sauri ita ce, ku zuba komai a Google Drive ko Dropbox ko OneDrive, ku kunna daidaitawa, wato abin nan da za ka ga an rubuta Sync, shi ke nan kun huta. Ni ma a da haka nake gaya wa mutane. Yanzu na daina, kuma ga dalilina.

Bara muka karɓi aikin wani biki na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da dina. Mu uku ne: ni da abokina muna tacewa, sai wani ƙaninmu da yake yanka gajerun bidiyo na TikTok. Muka buɗe folda guda a rumbun intanet, muka haɗa ta da kwamfutocinmu uku, muka juye duk abin da kyamara ta ɗauka a ciki. Da muka ga komai ya hau, sai muka goge katin kyamarar, saboda akwai wani aikin a ƙarshen mako.

Ranar Laraba da daddare na buɗe aikin zan ci gaba, sai na ga kusan rabinsa ya koma ja. Na duba foldar dina, babu ita babu dalilinta. Na kira ƙanin namu.

"Kai, ka taɓa foldar dina ne?"

"Yaya, laftof ɗina ce ta cika, shi ne na goge tawa. Ai taku tana nan."

"Babu tawa babu taka, guda ɗaya ce."

Allah ya rufa asiri, mun same ta a kwandon shara na rumbun. Amma sai da muka sake sauke ta gaba ɗaya da datarmu, dare biyu muna gadin laftof, ga Hajiya uwar amarya tana kira safe da yamma tana tambayar ina aikinta. Da sai bayan wata biyu muka farga, da babu abin da za mu gaya mata, domin dina ba a maimaita ta.

Da na zauna na yi nazari, sai na ga manhajar ba ta da laifi. Aikinta ɗaya ne: duk abin da ya faru a wannan kwamfutar, ta kai shi ga sauran. Ɗan aike ne mai biyayya, idan ka ba shi gyara zai kai, idan ka ba shi ɓarna ma zai kai, da sauri iri ɗaya. Mu ne muka ɗauki ɗan aike muka naɗa shi ma'aji. Ra'ayina ke nan a taƙaice: a ba rumbun intanet ƙananan fayilolin aiki ya riƙa kai-kawo da su, ɗanyen bidiyo kuwa ya zauna a faifan ajiyar da yake hannunka, kuma a samu kwafi guda da babu wata manhaja da take taɓa shi.

Abu biyu ne a cikin kowane aikin bidiyo

Da yawa ba su san cewa fayil ɗin da suke adanawa a Premiere Pro, mai ƙarewa da .prproj, babu bidiyo ko na daƙiƙa ɗaya a cikinsa ba. Bayani ne kawai: ɗauko bidiyo kaza daga folda kaza, yanke daga minti kaza zuwa kaza, sa wannan waƙar a ƙarƙashi. Kamar awon da tela ya rubuta a littafinsa ne. Ɗanyen bidiyon shi ne shaddar. Awon ba shi da nauyi, yawanci 'yan MB ne, ko da data mai rauni zai tafi cikin ƙiftawar ido. Shaddar ce mai nauyi.

Saboda fayil ɗin aiki adireshi yake riƙewa, idan a kwamfutarka bidiyon yana faifan D, a ta abokinka kuma yana faifan E, ko shi yana amfani da Mac kai kana Windows, manhajar tana iya nema ta rasa, sai ta nuna maka jan allon nan mai rubutun Media Offline. Haka kuma salon rubutun da ka girka a kwamfutarka da ƙarin kayan aikin da ka saya ba sa bin fayil ɗin. Don haka ko komai ya hau rumbun intanet lafiya, ba shi ke nuna aikin zai buɗe daidai a ɗaya ɓangaren ba.

Mu yi lissafin data

Duk mai iPhone zai iya shiga saitin kyamara ya ga lissafin da Apple ya rubuta: minti ɗaya na bidiyon 4K mai hoto 60 a daƙiƙa yana cin kimanin MB 400, mai hoto 30 kuma kimanin MB 170 idan an zaɓi tsarin da ya fi matsewa. Ke nan awa ɗaya ta 4K mai hoto 60 ta kai kusan GB 24. Bikin kwana uku da kyamara biyu kuwa, kai ma ka san ya wuce awa ɗaya nesa ba kusa ba.

Yanzu dubi abin da ake bayarwa kyauta. Google yana ba da GB 15, kuma da su ake raba wa Gmail da Google Photos. OneDrive GB 5, iCloud GB 5, Dropbox GB 2. Babu ɗaya a cikinsu da zai ɗauki waccan awa ɗayar. Banza ba ta kai zomo kasuwa, dole sai ka biya kuɗin wata.

Ka biya ma, saura hanya. Mu ƙaddara layinka yana ɗora abu da gudun megabit 5 a daƙiƙa, bai yanke ba ko sau ɗaya. GB 24 zai ɗauke ka kusan awa 10 da minti 40. Bayan ya hau, kwamfuta ta biyu za ta sauke GB 24, ta uku ma haka. Jimilla GB 72 na data a kan bidiyon awa ɗaya, kuma ba a fara yanka ko ɗaya ba. Ka tuna a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100. Ka haɗa da wutar da za ta riƙe laftof tsawon waɗannan awannin. Alhali idan abokinka yana Kabuga kai kana Zoo Road, faifan SSD a aljihu da ɗan sahu sun fi kowane layi sauri.

Fayil ɗin da kake gani amma ba ya nan

Don rage cin wuri, manhajojin nan suna da tsarin da yake nuna maka sunan fayil a folda alhali ainihinsa yana can a intanet, sai ka taɓa shi zai fara saukowa. A Google Drive na kwamfuta ana kiransa Stream, a OneDrive kuma Files On-Demand. Ga mai aikin takardu wannan alheri ne. Ga mai tace bidiyo kuwa, kallon kitse ne ake yi wa rogo. Manhajar tacewa tana buƙatar karanta bidiyo da yawa lokaci guda, tana gaba tana baya. Idan kowanne sai an jira shi daga intanet, za ka ga hoto yana sarƙewa, sauti yana guduwa ya bar baki, wani lokacin manhajar ta sandare gaba ɗaya.

Ranar da babu intanet kuma, babu aiki. Wannan ba hasashe ba ne a wajenmu. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen maƙwabta. Mutanen Zamfara kuma ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro. Editan da ɗanyen bidiyonsa yake faifansa ya ci gaba da aiki a waɗannan ranakun. Wanda nasa yake sama sai dai ya zauna kallon sunayen fayiloli.

Ba a sarki biyu a gari ɗaya

Wannan ita ce matsalar da ta fi cin mutane a ɓoye. Rumbun intanet bai iya haɗa gyaran mutum biyu a fayil ɗin aiki guda ba. Google Docs ya iya, domin don haka aka gina shi, amma fayil ɗin Premiere a wajen manhajar daidaitawa dunƙule ɗaya ne. Idan ka buɗe aiki da safe ka gyara farkonsa, abokinka ya buɗe a lokaci guda ya gyara ƙarshensa, ɗaya daga cikin biyu zai faru: ko na wanda ya adana daga baya ya hau kan na farko, ko kuma a samu fayil biyu. Dropbox yana sa wa na biyun alamar conflicted copy a sunansa. Daga nan sai ku zauna kuna tantance wane ne ya fi cika, kuna kwashe gyara da hannu.

Ko kai kaɗai ne ma abin yana faruwa. Ka gama aiki a shago, ka rufe laftof nan take kafin fayil ya gama hawa. Ka je gida ka buɗe tsohon da yake can, ka ɗora awa uku a kansa. Washegari kwamfutar shago ta tashi ta tura nata. Ka zama kishiyar kanka.

Wasu manhajojin sun fi haka tsauri. DaVinci Resolve ba ya ajiye aiki a matsayin fayil guda da za ka ɗauka, yana da kundin bayanai nasa da yake rubutu a ciki a kai a kai. Final Cut Pro kuma, abin da kake gani kamar fayil ɗaya tarin fayiloli ne a ɗaure. Idan manhajar daidaitawa ta kwashi rabi yayin da ake kan rubuta ɗaya rabin, abin da zai isa ɗaya kwamfutar yana iya ƙin buɗewa. Hanyar da ta dace a Resolve ita ce ka fitar da aikin a fayil mai ƙarewa da .drp, shi za ka tura. Sannan ku tabbata manhajarku zubi ɗaya ce, domin aikin da aka adana da sabon zubin Premiere ba ya buɗewa kai-tsaye a tsoho.

Daidaitawa daban, ajiyar ko-ta-kwana daban

Mutum zai ce, ai ina da kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya a shago, ɗaya a sama. Idan umarni ɗaya zai iya goge su duka, to kwafi ɗaya gare ka. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu, Dropbox na kyauta ma kwana 30 yake ba ka ka dawo da abin da ka goge. Abokin ciniki kuwa yana iya dawowa bayan wata shida ya ce a cire masa wani wuri ko a ƙara masa waƙa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, aka ba da umarnin gogewa bisa kuskure a babbar kwamfutar da kowa yake aiki a kai, kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin suka tafi. Da aka koma ga ajiyar ko-ta-kwana, sai aka tarar ta jima da samun matsala ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda take aiki daga gida saboda ta haihu, tana da kwafi a kwamfutarta. Kwafin ya tsira ne saboda yana gefe, umarnin gogewar bai kai gare shi ba.

Su kansu kamfanonin rumbun ba ma'asumai ba ne. A ƙarshen Nuwamban 2023 Google ya tabbatar da wata matsala a manhajar Drive ta kwamfuta bayan wasu sun koka cewa fayilolinsu na watanni sun ɓace, daga baya ya fitar da hanyar dawo da su. Adobe ya fara rufe tsarin daidaita fayiloli na Creative Cloud ga masu asusun kai daga 1 ga Fabrairu, 2024. A Janairun 2025 kuma CapCut ya daina aiki a Amurka na 'yan kwanaki saboda dokar da ta shafi kamfanin ByteDance. Rumbun intanet gidan haya ne, mai gida yana iya sauya ƙa'ida ba tare da ya shawarce ka ba.

Inda masu ɗaya ra'ayin suke da gaskiya

Za a ce mini, faifai ma yana mutuwa, ana sace jaka, shago yana gobara. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a guji rumbun intanet ba. Bidiyon da ka gama ka fitar da fayilolin aikinka ya kamata su kasance a can, domin ɓarawo ba zai ɗauke su tare da laftof ba. Idan kana da intanet mai ƙarfi da ba a ƙirga maka data, ka ɗora har ɗanyen bidiyon, amma a matsayin ajiya, a foldar da ba a haɗa ta da kwamfutar kowa ba.

Za a kuma ce, idan abokin aikina yana Kaduna ko Yamai fa, ɗan sahu ba zai kai faifai can ba. Nan ne amfanin furoksi, wato ƙaramin kwafin bidiyo mara nauyi da ake yin yanka da shi, idan an zo fitarwa sai manhaja ta koma kan na asali. Premiere da Resolve da Final Cut duk suna yin sa. Sai dai ka zaɓi H.264 mai ƙaramin hoto idan turawa za ka yi, domin furoksin ProRes yana iya fin bidiyon wayarka nauyi.

Su manyan kamfanonin fim da ake misali da su, ba foldar Drive suke zuba aiki ba. Suna amfani da kayan da aka gina musamman don haɗin gwiwa. Adobe yana da Team Projects, kuma ya sayi Frame.io a 2021. Blackmagic ya kawo Blackmagic Cloud tare da Resolve 18 a 2022, inda mutane da yawa za su shiga aiki ɗaya, manhajar tana kulle ɓangaren da wani yake kai don kada a yi karo. Idan aikinku ya kai wannan matsayin, ku biya ku yi amfani da su. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauki folda ta yau da kullum a sa ta aikin da ba ta iya ba.

Tsarin da muke bi yanzu

1. Ba a goge katin kyamara sai an juye shi a faifai biyu daban, kuma an buɗe bidiyon an ga yana tafiya. Ɗaya na aiki, ɗaya a ajiye a gida ba a jona shi sai ranar buƙata. Wannan shi ne tushen ƙa'idar 3-2-1 da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban.

2. Kowane edita yana da nasa faifan mai ɗauke da ɗanyen bidiyo, da sunayen folda iri ɗaya harafi da harafi. Idan akwai Mac da Windows a tsakaninku, ku tsara faifan da exFAT, domin duka biyun suna karanta shi, kuma ba shi da iyakar GB 4 ga fayil ɗaya kamar FAT32.

3. Abin da yake hawa rumbun intanet: fayil ɗin aiki, waƙoƙi, tambari, salon rubutu, furoksi idan da buƙata. Tarkacen da manhaja take tarawa don saurin aiki ya tsaya a kwamfuta, babu amfanin a tura shi.

4. Mutum ɗaya ke riƙe aiki a lokaci guda. Wanda zai buɗe ya rubuta a WhatsApp, "na karɓa". Idan ya gama ya rufe manhajar, ya jira alamar cewa fayil ya gama hawa, sannan ya rubuta "na saki". Abin kamar wasa, amma tun da muka fara ba mu sake samun karo ba.

5. Kowace rana sabon suna: kwanan wata da harafin farko na sunan edita. Ba a adana sabo a kan na jiya. Sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe" mun yi bankwana da su.

6. Idan kwamfutocin suna ɗaki ɗaya, babu dalilin aika bidiyo wata ƙasa ya dawo. Manhajar Syncthing kyauta ce, tana daidaita folda tsakanin kwamfutoci ta Wi-Fi ɗin shago kai-tsaye. Amma ita ma 'yar aike ce, tana kai gogewa yadda take kai gyara.

Idan da waya kake aiki

Mafi yawanku da CapCut ko KineMaster ko InShot kuka fara, kuma dokar ba ta sauya ba. Aikin da kake gani a cikin manhajar yana jingine ne da bidiyon da yake cikin wayarka. Ka goge shi don samun wuri, ka dawo ka tarar da gurbi. Kafin ka goge komai, ka juye ɗanyen bidiyon a kwamfuta ko filasha. Idan za ka tura wa edita ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, yana ɗaukar har GB 2 ba tare da ya matse shi ba. Idan ka tura ta hanyar da aka saba, ingancin da ya zube ba ya dawowa.

Akwai kuma batun amana. Ɗanyen bidiyon kamu yana ɗauke da matan mutane cikin sakewarsu, a wurin da ba su yi tsammanin idon bare ba. Idan ka saita folda a kan duk mai mahaɗin zai iya buɗewa, to duk wanda aka tura wa ya shiga, shi ma yana iya turawa gaba. Ka ba da izini ta adireshin imel na mutum, idan aiki ya ƙare ka cire shi. Yawan kwamfutocin da foldar take sauka a kansu, yawan ƙofofin da za ka tsare.

Abin da nake so ka yi yau ba ya buƙatar ko sisi. Ka ɗauki aikin da ya fi maka muhimmanci, ka tambayi kanka: idan wani ya goge foldar nan yanzu, kuma ban lura ba sai bayan wata biyu, a ina zan samo ta? Idan kana da amsa, madalla. Idan ba ka da ita, ka nemi faifai kafin ka karɓi aiki na gaba. Faifan yana da tsada, na sani, amma bai kai tsadar tsayawa gaban uwar amarya kana neman abin faɗa ba.

Allah ya sa albarka a sana'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.